Ka girka sabon tsarin kwamfuta, ka buga umarnin `man` ya ce babu: ga yadda ake dawo da takardun bayanin manhaja

Tambayar nan ta yi yawa wallahi, duk wanda ya koma Linux sabo ko ya kama saba ta haya ko ya buɗe kwantenar Docker sai ya turo min ita, wai ya girka manhaja kaza tana aiki lafiya lau amma ya nemi bayanin yadda ake amfani da ita babu, ya buga `man curl` (`man` shi ne umarnin da ke buɗe shafin bayanin manhaja, curl kuma sunan wata manhaja ce) an ce masa babu shafi, ya leƙa `/usr/share/doc` ya tarar wayam. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne yawanci ɗaya daga cikin abu uku ne ya faru. Ko dai an hana takardun sauka da gangan don tsarin ya yi ƙarami, ko suna cikin wani fakiti (wato ƙunshin fayilolin da ake girka manhaja da shi) daban da ba ka girka ba, ko kuma suna nan zaune a diski amma `man` bai san hanyar da zai bi ya same su ba. Kowanne maganinsa daban, shi ya sa bin matakan nan a jere yake da amfani. Dan Allah kar ka goge tsarin ka sake girkawa saboda wannan, in da fayil ɗin girkawa ɗaya ka sake amfani to abin da ka bari shi za ka tarar.

Kayan aiki ba su da yawa: taminal, ikon `sudo` ko shiga a matsayin root (wato ikon admin a kan tsarin), da intanet. Kuɗi kam babu ko sisi, duk fakitocin kyauta ne, abin da za ka kashe data ne da ɗan wuri a diski. Kafin ka fara ka buga wannan don ka san ainihin tsarin da kake kai:

`cat /etc/os-release`

Ka rubuta sunan da sigar a gefe, za ka buƙace su a matakan da ke gaba.

## 1. Karanta abin da ya rubuto maka

Mutane da yawa da sun ga rubutu ya fito sai su ce "ya ƙi" su rufe, alhali amsar tana cikin rubutun. Ka buga `man ls` ka duba da kyau.

In ya ce `man: command not found`, shi kansa mai karanta shafukan ne babu. Wannan ya fi sauƙi. A Debian da Ubuntu `sudo apt install man-db`, a Fedora da danginta `sudo dnf install man-db`, a Arch `sudo pacman -S man-db man-pages` domin su Arch ba sa haɗa shi cikin girkawar farko, a Alpine kuma `apk add mandoc man-pages`.

In ya ce `No manual entry for ls`, to mai karantawa yana nan, shafin ne bai gani ba, ka wuce mataki na 2.

In kuwa ya fito da dogon bayani mai farawa da `This system has been minimized`, kana kan Ubuntu da aka rage wa kaya, tafi kai tsaye mataki na 3.

Gargaɗi a nan: akwai umarnin da ba manhaja mai zaman kanta ba ne, yana cikin cikin bash ne, irin su `cd` da `export` da `alias`. A wasu tsarukan `man cd` ba zai taɓa ba ka komai ba ko me ka girka. Ka gwada `type cd`, in ya ce maka `shell builtin` ne to `help cd` za ka buga, shikenan babu abin da ya lalace.

## 2. Duba ko fayil ɗin yana diski

Wannan shi ne matakin da ke raba gardama, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Za ka tambayi mai kula da fakitoci wane fayiloli ya ce ya kamata manhajar ta zo da su, sannan ka je ka duba da idonka ko suna nan. Bari mu ɗauki curl a matsayin misali.

A Debian da Ubuntu: `dpkg -L curl | grep -E 'man|doc'`

A Fedora, Rocky, Alma da RHEL: `rpm -qd curl`

A Arch: `pacman -Ql curl | grep man`

A Alpine: `apk info -L curl`

Za ka ga layi kamar `/usr/share/man/man1/curl.1.gz`. Kar ka yi murna tukunna, domin `dpkg -L` jerin da ke cikin rajistarsa yake karanto maka, ko da an hana fayil ɗin sauka zai ci gaba da lissafa shi kamar yana nan. Sai ka kwafi layin ka buga:

`ls -l /usr/share/man/man1/curl.1.gz`

Yanzu ga yadda za ka fassara abin da ka gani. In jerin ya ambaci fayil ɗin amma `ls` ya ce babu shi, an toshe shi ne lokacin girkawa, mataki na 3. In jerin bai ambaci wani shafin man ba sam, takardun suna wani fakiti daban, mataki na 4. In kuma fayil ɗin yana nan da girmansa da komai amma `man` ya ce bai gani ba, matsalar hanya ce, mataki na 5. Masu rpm suna da gajeriyar hanya ma, `rpm -qs curl` zai nuna halin kowane fayil, wanda aka hana sauka za ka ga an rubuta `not installed` a gabansa.

In ba ka san sunan fakitin da ya kawo umarnin ba, `dpkg -S /usr/bin/dig` ko `rpm -qf /usr/bin/dig` zai faɗa maka, kuma sau da yawa sunan fakitin bai yi kama da sunan umarnin ba ko kaɗan.

## 3. Cire abin da ya toshe su, sannan ka sake girkawa

Nan ne yawancinku matsalarku take, musamman masu saba ta haya da masu kwantena. Masu haɗa waɗannan ƙananan tsarukan suna ɗauka babu mutumin da zai zauna yana karatu a ciki, sai su sa doka a saitin mai girka fakitoci cewa duk abin da zai je `/usr/share/man` ko `/usr/share/doc` a jefar da shi a hanya. Dokar tana nan daram har bayan ka karɓi na'urar, saboda haka duk abin da ka girka daga baya shi ma babu takardu zai sauka.

Aikin kashi biyu ne kuma jerin yana da muhimmanci: ka fara cire dokar, sannan ka sake girka fakitin. In ka juya su ka ɓata data a banza.

Ubuntu. Akwai umarnin da aka yi musamman don wannan:

`sudo unminimize`

In ya ce bai san umarnin ba, kamar yadda yake faruwa a 24.04 inda aka mayar da shi fakiti mai zaman kansa, sai ka fara da `sudo apt update` da `sudo apt install unminimize`. Zai tambaye ka ko ka yarda, ka danna y. Abin da yake yi shi ne ya cire dokar toshewar, ya sake girka duk fakitocin da ke da shafukan man da takardu, ya kuma mayar da ainihin `man` wurinsa domin wanda ke fito maka da wancan dogon saƙon na bogi ne aka ajiye a madadinsa. Wannan ne ma dalilin da ya sa za ka girka `man-db` a irin wannan tsarin ka buga `man ls` ka sake ganin saƙon nan dai, mutum ya yi ta tunanin girkawar ce ba ta yi ba.

Gargaɗi: `unminimize` yana sauke kaya da yawa kuma yana ɗaukar lokaci, kar ka fara shi da ƙarshen data ko batir na kuka, kuma kar ka katse shi a tsakiya. In ya katse da kansa, `sudo dpkg --configure -a` sannan `sudo apt -f install` kafin ka sake komai. Haka kuma in sabar mutane ce mai aiki, ka sani sake girka fakiti yana iya sake tayar da hidimar da ke gudana, ka zaɓi lokacin da babu cunkoso.

Debian, musamman kwantena mai slim a sunanta. Nan da hannu za ka yi. Nemo dokar:

`grep -r path-exclude /etc/dpkg/dpkg.cfg /etc/dpkg/dpkg.cfg.d/`

Zai nuna maka fayil ɗin da layukan suke. Buɗe shi da nano, manhajar gyara rubutu ta cikin taminal, ka sa alamar `#` a gaban layukan da suka ambaci man da doc, ka ajiye. Ni na fi son sa `#` a kan goge fayil ɗin gaba ɗaya, gobe in kana son mayar da shi yadda yake ba sai ka yi ta tuna me ke ciki ba. Daga nan:

`sudo apt update`

`sudo apt install man-db manpages`

`sudo apt install --reinstall curl`

Lura da `--reinstall` ɗin nan. In ka buga `apt install curl` kawai zai ce maka ai an riga an girka, ya fita bai taɓa komai ba.

Fedora, Rocky, Alma, RHEL. Dokarsu layi ɗaya ce, `tsflags=nodocs`, tana cikin `/etc/dnf/dnf.conf`, a tsohon CentOS 7 kuma `/etc/yum.conf`. Sa mata `#`, sannan `sudo dnf install man-db man-pages` da `sudo dnf reinstall curl`. Akwai masu buga `dnf reinstall '*'` don su dawo da komai lokaci ɗaya, yana yi, amma kusan sauke tsarin gaba ɗaya ne daga farko, ni dai shawarata ka sake girka guda biyar ko shida da kake amfani da su kullum ka bar sauran sai buƙata ta taso.

Arch. A kwantenarsu dokar tana `/etc/pacman.conf`, layukan da suka fara da `NoExtract`. Ka rufe waɗanda suka shafi man da doc, sai `pacman -S curl` ya sake girkawa.

Wata magana a gefe ga masu Docker: duk gyaran da ka yi a cikin kwantena mai gudana zai tafi ranar da ka goge ta. In kana son takardun su zauna sai ka sa matakan a Dockerfile. Amma gaskiya kwantenar da za ta je aiki ba ta buƙatar shafukan man, ka bar ta ƙarama, ka karanta a kwamfutarka.

## 4. Nemo fakitin takardun

Wasu manhajojin tun asali an raba su biyu, shirin a fakiti ɗaya, bayaninsa a wani. Alpine ce ta fi tsanani a wannan, kusan komai nata haka yake, curl daban `curl-doc` daban. Ka buga `apk add curl-doc`, ko in kana son na duk abin da ka girka su sauka tare, `apk add docs`.

A Debian da Ubuntu shafin man yawanci yana zuwa tare da shirin, manyan littattafan ne ake warewa. Hanyar ganowa mai sauƙi ita ce `apt show` da sunan fakitin, ka duba layin `Suggests`, sau da yawa sunan fakitin takardun yana wurin domin apt ba ya girka abin da ke wannan layin da kansa. Ko ka buga `apt search python3-doc`. Waɗanda aka fi tambayata su ne `python3-doc`, `postgresql-doc`, `apache2-doc`, `git-doc`, `bash-doc`. Masu koyon C kuma da ke buga `man 3 printf` ko `man 2 open` su ga babu, abin da kuke nema `manpages-dev` ne.

In ka san sunan shafin amma ba ka san fakitinsa ba, girka `apt-file`, ka yi `sudo apt-file update`, sannan `apt-file search printf.3.gz`. A Fedora `dnf provides '*/man3/printf.3*'` yana yin aiki iri ɗaya.

Gargaɗi ga masu Debian: za ka nemi `gcc-doc` ko `make-doc` ko `tar-doc` apt ya ce bai san su ba. Suna nan, amma a sashen `non-free` (shi `gcc-doc` yana `contrib`, ainihin takardun da yake jawowa ne ke `non-free`), saboda tun 2006 Debian ta yanke cewa takardun GNU masu sassan da lasisinsu ya hana a canza ba su cika sharuɗɗanta na manhaja mai 'yanci ba. Sai ka ƙara kalmomin `contrib` da `non-free` a saitin ma'ajiyarka ta apt, ka yi `apt update`, sannan za su bayyana. Kuma yawancin waɗannan da `info` ake karanta su, wato `info tar`, `info make`, in babu shi `sudo apt install info`.

Manhajoji masu taga ma haka ne. Ka danna F1 a LibreOffice ya wulla ka burauza yana neman intanet, to fakitin taimakon ne babu, `libreoffice-help-en-us` ko na harshen da kake so. GIMP kuma `gimp-help-en`.

## 5. Fayil yana nan amma man bai gani ba

Fara da gwada buɗe shi kai tsaye: `man -l /usr/share/man/man1/curl.1.gz`. In ya buɗe, fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, sai mu duba hanya. Buga `manpath`, zai jero maka foldojin da `man` yake leƙawa. Sannan `echo $MANPATH`.

A tsari mai lafiya na biyun yawanci ba ya fito da komai. In ka ga ya fito da folda ɗaya tal, to ga ɓarawon nan. Wani ya sa layi a `.bashrc` ko `.profile` ko `.zshrc`, sau da yawa kai ne ka kwaso tsohon fayil ɗinka daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa, ko wata manhaja ta ƙara da kanta, kuma da zarar an sa `MANPATH` babu alamar `:` a farko ko a ƙarshe sai `man` ya watsar da hanyoyinsa na asali ya tsaya a wannan kaɗai. Gwada `unset MANPATH` ka sake buga `man curl`. In ya yi, je ka gyara layin ya koma kamar haka:

`export MANPATH=":/opt/wani-shiri/share/man"`

Wannan ɗigo biyun na farko shi ne yake cewa a haɗa da na asali. Ƙaramin abu ne amma yana cin ran mutane.

Abin da ka girka ba ta hannun apt ko dnf ba shi ma nan yake faɗowa. Wanda ka haɗa da `make install` shafinsa yana `/usr/local/share/man`, wanda ka warware a `/opt` yana cikin foldarsa, na Snap da Flatpak kuma a killace suke a nasu wurin, `man` ba ya ganin su da kansa. Nemo su da `find /opt /snap /usr/local -name 'sunan-shiri.1*'` ka buɗe da `man -l`. A Mac masu Homebrew, musamman sababbin da yake zama a `/opt/homebrew`, ka tabbata layin `brew shellenv` da ya ce ka sa bayan girkawa yana cikin `.zprofile`.

Sai batun lamba. Shafukan man kashi-kashi ne: 1 umarni, 2 da 3 na masu rubuta shiri, 5 tsarin fayilolin saiti, 8 na admin. `man passwd` zai ba ka umarnin canza kalmar sirri, in bayanin fayil ɗin `/etc/passwd` kake so sai `man 5 passwd`. Haka `crontab`, yadda ake rubuta jadawalin yana `man 5 crontab`. Da yawa sun ce min bayani ya ɓace alhali shafin da ba shi ba suka buɗe. `man -f crontab` zai nuna maka duk lambobin da sunan yake da su.

In kuma `man` yana aiki amma `apropos` ko `man -k` suna ce maka `nothing appropriate` a kan komai, fihirisar ce ba a gina ba tukunna, abin da aka saba gani a sabon tsari. `sudo mandb` zai gina ta. A Alpine sai ka girka `mandoc-apropos` ka buga `makewhatis`.

## 6. Masu Windows

Ku ma kuna da irinta a PowerShell. Ka buga `Get-Help Get-Process` ya ba ka ɗan guntun bayani babu misalai, domin sabon Windows ba ya zuwa da cikakkun fayilolin taimakon. Maganin `Update-Help` ne. A PowerShell 5.1 da ke zuwa da Windows dole ka buɗe shi a matsayin admin, in ba haka ba zai yi ta zubo maka jan rubutu. In harshen kwamfutarka ba Ingilishin Amurka ba ne ka ƙara `-UICulture en-US`. Ko da ka yi komai daidai wasu ɓangarori kaɗan za su iya ƙin sauka, ba laifinka ba ne, ka gwada `Get-Help Get-Process -Examples`, in misalai sun fito ai an gama. Kwamfutar da ba ta hawa intanet kuma, ka yi `Save-Help` a wata mai intanet, ka kwaso a filashi, ka yi `Update-Help -SourcePath` ka nuna masa foldar.

Fayil ɗin taimako mai ƙarewa da `.chm` da ka sauke ya buɗe fari fat babu rubutu, Windows ne ya kulle shi don daga intanet ya zo. Danna dama a kansa, shiga Properties, ka sa alama a Unblock.

## 7. In ba ka da ikon taɓa tsarin

Wani lokaci na'urar ta wurin aiki ce ko ta makaranta, ba ka da `sudo`. Ga dabara a Debian da Ubuntu wadda ba ta canza komai a tsarin, a cikin foldarka kawai:

`apt download curl`

`dpkg-deb -x curl_*.deb fitarwa`

`man -l fitarwa/usr/share/man/man1/curl.1.gz`

In `man` ɗin ma babu, `zless` zai buɗe fayil ɗin, za ka ga alamomin tsara rubutu a cakuɗe amma ana iya karantawa. Da shi ɗin dai ake karanta fayilolin `.gz` na cikin `/usr/share/doc`, kuma in ka ga `README.Debian` a foldar wata manhaja ka fara da shi, nan ake rubuta abin da Debian ta canza daga yadda masu manhajar suka fitar da ita, irin inda aka mayar da fayil ɗin saiti.

Akwai kuma manhajojin da ba su da shafin man kwata-kwata, yawancin ƙananan kayan da ake girkawa da pip ko npm ko cargo haka suke. Su `--help` ne abin da suke da shi, sai shafin masu su.

Gargaɗin da ya shafi karatu a intanet: ka daidaita siga. Buga `curl --version` ka ga lambar da kake da ita, sannan ka je manpages.debian.org ko manpages.ubuntu.com ka zaɓi fitowar tsarinka da ka rubuta a gefe tun farko, masu Arch kuma man.archlinux.org. In ka karanta bayanin sabuwar siga kana kan tsohuwa za ka yi ta buga zaɓin da shirinka bai san shi ba. Har tsakanin tsaruka ma akwai bambanci a umarni mai suna ɗaya, `sed -i` na Linux yana aiki haka kawai, na Mac kuma sai ka bi shi da `''` ko wani ƙarin suna, haka `ls` da `grep` na Alpine na BusyBox ne, wato ƙaramin shirin da ya haɗa umarnai da yawa wuri ɗaya, zaɓuɓɓukansu ba su kai na GNU yawa ba, don haka a can `grep --help` ya fi duk shafin da za ka samo a waje faɗa maka gaskiyar abin da ke na'urarka.